Ƙugin tsohon rediyo mai kwalba: ta ina yake shigowa, ta ina za ka tare shi

Jama'a, maganar tsofaffin rediyoyin nan masu kwalba, wato bututun gilashin da suke ɗaukar zafi suna ƙarfafa sigina da sauti, nake so mu baje yau, irin su Philips da Grundig da Pye da Bush da har yanzu ake tsinta a gidajen dagatai da tsofaffin ma'aikatan reluwe da dillalan gyaɗa na da, daga nan wajen Ringim har Gumel da Malam Madori. Yawancinsu na shekarun 1950 ne zuwa farkon 1960, wato sa'o'in BBC Hausa ne da ya fara a 1957, wasunsu ma sun girmi Rediyon Kaduna na 1962. In aka ɗauko ɗaya daga saman sif aka karkaɗe aka jona, kwalaben su ɗau ja a hankali, bayan daƙiƙa 15 ko 20 sai kaji buuuuu daga sifika, murya ɗaya ba hawa ba sauka, ko ya kama tasha maganar a ƙarƙashin ƙugin take tafiya. Abin da yake ci min rai shine hukuncin da ake yankewa nan take, wai kwalba ce ta mutu kuma yanzu ba a samun kwalba, saboda haka a farke cikin a zubar a saka ɗan bod ɗin MP3 mai Bluetooth. Wallahi an yi asarar rediyoyi masu kyau a haka. Alhali kwalba tana cikin abubuwan da suka fi daɗewa a akwatin, mafi yawan ƙugin nan daga kayan da ba su kai kuɗin mudun gero ba yake fitowa, kuma in ka iya saurare shi kansa ƙugin zai nuna maka unguwar da yake zaune tun kafin ka ɗora dalma a wuta.

Amma kafin komai, abin nan yana kisa, ba wasa nake ba. A cikinsa akwai wuta bolt 250 zuwa sama da 300, kuma kafasita tana riƙe ta ko bayan ka zare soket. Kada ka sauke ta da bakin sukundireba, ka samu rizista kamar 10k ko 22k, wato om dubu 10 ko dubu 22, mai wat 5 ka haɗa tsakanin ƙafafunta na ɗan lokaci sannan ka auna da mita ka tabbatar ta sauka. Mafi haɗari sune waɗanda ba su da babbar taransifomar wuta, waɗanda zaka ga an rubuta AC/DC a bayansu, kwalabensu suna farawa da U, su UL84, UY85, UCH81, ko UL41 da UY41 na cikin Bush DAC90A. Waɗannan waya ɗaya ta soket kai tsaye take zuwa jikin shasi, wato farantin ƙarfen da aka ɗora kayan cikin rediyon a kansa. In filogin ya shiga a juye toh shasin gaba ɗaya yana ɗauke da bolt 230, kuma mun san yadda ake jan waya a ƙauyukanmu, ba wayar ƙasa, ba wanda ya damu da wacce ce mai wuta wacce ce ta dawowa. Ka taɓa shasin da testa kafin ka kai hannu. Ka tsaya akan busasshen katako da takalmin roba, kar ka zauna a daɓe ƙafa ba komai musamman da damina, hannu ɗaya yana aiki ɗaya yana aljihu, sannan yaran da suke taruwa kallo a bakin rumfa ka kore su nesa, ɗan yatsa ɗaya ya isa. Wanda zai riƙa wannan aikin sosai ya nemi taransifomar da take raba shi da layin wuta. Sitabilaiza da ƙananan sitef-dawun na kasuwa yawanci ba sa rabawa, kar su yaudare ka.

Kuma jonawar farko ba kai tsaye ake yi ba. Ka yanke waya ɗaya ta wutar ka ratsa ƙwan fitila irin na da mai zare, wat 60 ko 100, a tsakani. In rediyon lafiya yake ƙwan zai yi haske ya dushe, in akwai abin da ya haɗe a ciki zai tsaya da haske fes kuma shi zai shanye wutar maimakon taransifoma ta ƙone. Ƙwan LED ba ya yin wannan aikin ko kaɗan. Na zaren ya yi wuya yanzu amma wajen masu kayan kiwon kaji ana samu tunda da shi ake ɗumama 'yan tsaki.

Toh me yake kawo ƙugin tun asali. Wutar da muke samu a Najeriya tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ita kuwa kwalba wuta miƙaƙƙiya take so irin ta batir. Saboda haka akwai mai miƙar da wuta, ko kwalba ce kamar EZ80 ko UY85, ko wani falalen ƙarfe na seleniyom da ake ɗaurewa a jikin shasi a rediyoyin Jamus. Sai dai abin da yake fitarwa ba sumul yake ba, guntu-guntu ne. Ka ɗauki famfon tuƙa-tuƙa, duk dannawa ruwa ya yi tsartuwa ya tsaya, in kana so ka samu ruwa yana zuba bai ɗaya sai ka tara shi a tanki ka ja daga ƙasa. Babbar kafasitar nan ta gwangwanin alminiyom ita ce tankin. Yawanci biyu ne a gwangwani ɗaya, zaka ga an rubuta 32+32 ko 50+50 µF, bolt 350, da rizista ko cok, wato naɗin waya mai tace wuta, a tsakaninsu. A cikinta akwai wani danshin sinadari, shekara 60 a ɗakin kwano da zafin Afrilu na ƙasar nan ya isa ya busar da shi ƙarƙaf. In ta bushe ba ta tara komai, tsartuwar nan sai ta wuce kai tsaye har sifika. Abin da kunnenka yake ji kenan, wutar gari ce da kanta.

Gwajin farko ba ya buƙatar mita. Ka murɗe murya zuwa ƙasa gaba ɗaya. In ƙugin yana nan yadda yake bai ko motsa ba, toh bayan maɓallin murya yake shiga, wato ko daga sashen wuta ko daga kwalaben sauti na ƙarshe. In ya ragu da ka rage ya ƙaru da ka ƙara, toh kafin maɓallin yake shigowa, ka bar babbar kafasita ta huta tukuna. In kuma babu shi sam a tsakanin tashoshi, sai ka daidaita akan tasha mai ƙarfi sannan ya taso tare da maganar, wannan wani ciwo ne daban, zan zo kansa. Sannan ka lura da lokacin da yake farawa. Wanda yake tashi nan take da ka kunna, kafin kwalabe su yi zafi, ka kai kunne kusa da babbar taransifoma, sau da yawa ba daga sifika yake ba, faranten ƙarfen cikinta ne suka saki suke karkarwa, ɗaure kusoshinta kawai yana iya kashe shi. Wanda yake zuwa bayan kwalabe sun ɗau zafi shine na cikin da'ira. Wanda kuma yake ƙaruwa a hankali bayan minti 5 ko 10, wannan ka kashe rediyon, akwai abin da yake yoyo yana ƙara lalacewa da zafi.

Akwai kuma kaurin muryar ƙugin, wannan mutane da yawa ba su san da shi ba kuma yana rage wahala sosai. Rediyo mai taransifoma da EZ80 ko seleniyom mai ƙafa huɗu yana kama ɓangare biyu na wutar, saboda haka tsartuwarsa 100 ce a daƙiƙa. In kafasitarsa ce ta bushe ƙugin 100 zaka ji, mai ɗan kaifi. In ka ji mai kauri can ƙasa, na 50, a irin wannan rediyon, toh ba tankin bane, ko wayar hitar da take ɗumama kwalabe ce take zuba a hanyar sauti, ko rabin EZ80 ɗin ya mutu. In kunnenka bai saba ba akwai manhajojin waya masu nuna adadin bugun sauti, ka kara wayar a gaban sifika zata nuna maka 50 ko 100. Amma a masu AC/DC wannan dabarar ba ta aiki, UY85 ɓangare ɗaya yake kamawa, komai nasu 50 ne.

Bari mu ce gwaji ya nuna babbar kafasita. Ka fara duba ta da ido, in gindinta ya kumbura ko farin gishiri ya fito ko tana zafi in rediyon ya ɗan yi aiki, magana ta ƙare. In ba alama, ka kashe, ka sauke wuta, ka maƙala sabuwa mai 33 ko 47 µF a kan tsohuwar, ƙafar ƙari a ƙari, ragi a ragi, ka kunna. In ƙugin ya faɗi ka kama ɓarawo. Amma don Allah kar ka bar ta a haka ka rufe akwati, wannan shine aikin da nake yawan tararwa a rediyon da ya taɓa shiga hannun wani. Tsohuwar ba bushewa kaɗai take yi ba, tana iya yoyo, wata rana ta haɗe gaba ɗaya ta tafi da EZ80 da taransifomar wuta, ita kuwa taransifomar in ta ƙone sai dai naɗi. Ka cire wayoyin daga ƙafafun tsohuwar kwata-kwata, gwangwanin ka bar shi a wajensa don kyan gani, sababbin ka zaunar da su a ƙarƙashin shasi.

Samun sababbin ba wuya, Sabon Gari a Kano akwai su, in tafiyar ta yi nisa ma bod ɗin wutar tsohon DVD ko dikoda yana da 22 ko 33 ko 47 µF mai bolt 400. Abu biyu zaka kiyaye. Bolt ɗin kar ya gaza na tsohuwar, ni 450 na fi so, saboda kafin kwalabe su yi zafi su fara jan wuta layin yana haurawa sama, taransifoma mai bada 250 in aka miƙar tana kaiwa wajen 350. Sai girman, nan ne masu gyaran talabijin suke shiga rami, tunda sun saba da 220 µF na cikin talabijin sai su ce ai babba ta fi kashe ƙugi. Eh tana kashewa, amma EZ80 ba a yarda a ɗora masa sama da 50 µF a ta farko ba, in ka ɗora 220 duk kunnawa sai ya yi fama da cika ta har wata rana ka ga tartsatsi a cikin kwalbar. In kana so ka ƙara, ta biyu wacce take bayan rizista zaka ɗan ƙara wa, ta farko ka bar ta kusa da abin da kamfani ya saka.

In kana so ka auna da mita, ka sa ta a AC, amma ƙananan mitocin nan masu araha suna rikicewa in akwai DC a layin, sai su nuna maka ɗaruruwan bolt na ƙarya. Ka ratsa kafasita 0.1 µF mai bolt 630 a jan wayar mitar. A ta farko ganin 'yan bolt har sama da 10 ba abin tsoro bane, a ta biyu ya kamata ya faɗo ƙasa da bolt 1.

Yanzu wanda ya fi ba mutane ciwon kai: an canza babbar kafasita, ƙugi yana nan, wani lokacin ma ya fi da. Wani dattijo ya taɓa kawo min nasa a buhu akan babur, ya ce "Malam, yaron nan ya karɓi kuɗin kaya ya canza, amma wallahi gara jiya da yau." Na ce "Baba, bari mu ga inda ya ɗaura ƙafar." Abin da ya faru shine a wasu rediyoyin ragin kafasitar ba a jikin shasi yake ba, an raba gwangwanin da shasi da wata takarda ko roba, ragin yana zuwa tsakiyar taransifoma ko wani layi na daban, akwai ƙaramar rizista tsakaninsa da shasi da take samar wa kwalabe wutar daidaito. Wanda bai lura ba sai ya lika ragin a ƙarfe mafi kusa, ya tsallake rizistar, sai ƙugi da zafi su taso tare. Shi yasa kafin ka cire waya ko ɗaya ka ɗauki hoto da wayarka, daga kusurwa biyu ko uku. Haka kuma rediyoyin Jamus da wasu Philips suna da wata dabara, taransifomar sifika tana da ƙafa ta uku a tsakanin biyun, wuta tana shiga ta nan ta rabu biyu yadda ragowar ƙugin zai kashe kansa. In aka musanya wayoyin nan rediyon zai yi magana amma da ƙugin da ba kafasitar da zata cire shi. Waɗanda suka fi tsufa, na shekarun 1930 da 1940, sifikarsu ba ta da maganaɗisu na dindindin, naɗin waya ne wanda kuma shine cok ɗin sashen wuta, in ka cire ta ka saka sifikar zamani ka cire rabin matatar kenan.

Akwai wata ƙaramar kafasita da nake so kowa ya san da zamanta, ko ƙugi ko ba ƙugi. Ita ce take ɗauko sauti daga kwalbar farko, EABC80 misali, ta kai wa EL84, kwalbar sauti ta ƙarshe mai tuƙa sifika. Ƙarama ce, 0.01 zuwa 0.022 µF, ta takarda da kakin zuma ko baƙin kwalta, kuma kusan duk wacce ta kai wannan shekarun tana yoyo. Gefenta ɗaya yana kan wuta mai ƙarfi, ɗayan yana kan ragar EL84, wato ƙafar da sauti yake shiga kwalbar ta nan, inda ya kamata a samu sifili. In ta yi yoyo sai ragar ta ɗau wutar ƙari, EL84 ya buɗe baki yana jan wuta fiye da ƙima, sashen wuta ya gaji, ƙugi ya ƙaru, sauti ya shaƙe, kwalbar ta yi zafin da ba nata ba har wani lokacin farantin cikinta ya yi ja. Wannan shine ƙugin da yake ƙaruwa bayan 'yan mintuna. Ka auna ƙafa ta 2 ta EL84 zuwa shasi, in ka ga ko da bolt 1 na ƙari toh ita ce. Ƙafa ta 3 kuma ya kamata ta tsaya wajen bolt 6 zuwa 8, in ta haura 10 kar ka ci gaba da kunnawa. Ka saka ta leda mai bolt 630. Ni ban ma tsayawa aunawa, ita nake fara canzawa kafin na ba rediyo cikakkiyar wuta, saboda abin da take ƙonawa, taransifomar sifika, ya fi kwalba wuyar samu nesa ba kusa ba.

In ƙugin yana bin maɓallin murya, toh ka koma kan wayoyin da suke ɗauke da ƙaramin sauti. Suna da rigar saƙar ƙarfe a jikinsu wacce aka lika a shasi, ɓera yana cinye su, ko dalmar ta saki. Jikin maɓallin muryar kansa dole ya zama yana haɗe da shasi. Kunnuwan da aka buga da ribit a jikin ƙarfe suna yin tsatsa a ƙarƙashi inda ido ba ya gani, ƙurar hunturu ta taru damina ta jiƙa ta, shekara da shekaru, mita zata nuna maka 'yan om inda ya kamata sifili. Makunnan nan na gaba masu kama da haƙora, na zaɓen gajeren zango da matsakaici da garmaho, su ma datti yana sa hanyar garmaho ta zauna a buɗe tana kwasar ƙugi. Sannan wayoyin hita, in ka duba zaka ga kamfani ya murɗe su biyu-biyu ya kwantar da su a lungun shasi nesa da hanyar sauti, ba don ado bane. Wanda ya canza su ya ja su a miƙe ta kan ƙafar raga ya shuka ƙugin 50 da hannunsa.

Sai a nan ne kwalba take shigowa layin zargi. A cikinta hita tana cikin wani siririn bututu, da farin rufi tsakaninsu, in rufin ya tsufa wutar hita tana tsallakawa. A rediyo mai kwalaben E, masu bolt 6.3, kana iya zare kwalba ɗaya ka kunna sauran su ci gaba da aiki, saboda haka ka zare EABC80, in ƙugi ya ɗauke toh daga ita ne ko abin da yake kafin ita, in yana nan toh EL84 ne ko sashen wuta. A masu kwalaben U hitocin a jere suke a layi ɗaya na miliamf 100, ka zare ɗaya duk su ɗauke, kuma su ne suka fi wannan ciwon saboda wasu hitocin suna zaune akan wuta mai yawa. Shi yasa kamfani yake sa kwalbar sauti ta farko a ƙarshen layin, kusa da shasi, in wani ya sake jeren ƙugi zai zo. UL41 kuwa an san ta da yoyon ciki, in DAC90A ne a gabanka ka canza kafasitoci ƙugi bai tafi ba, ita zaka zarga. Maganin wannan kam sai wata kwalbar, shi yasa in ka ga mataccen rediyo irin naka a wajen 'yan gwangwan kar ka bari a fasa shi.

Shi kuma ƙugin da ba ya zuwa sai an kama tasha, abin da yake faruwa shine siginar tashar tana bin wayar wuta ta shigo, ta ratsa ta mai miƙar da wuta wanda yake buɗewa da rufewa sau 50 ko 100 a daƙiƙa, sai ta fito da tambarin wannan bugun a jikinta. Babbar kafasita ba ruwanta da shi, ko ka canza ta sau nawa. Akwai ƙaramar kafasita a bakin shigowar wuta ko a kan mai miƙarwar da aka saka don wannan, ita ce ta mutu, sau da yawa ma zaka tarar ta fashe ta watsa kaki. Wacce zata zauna tsakanin wayoyin wuta biyu dole ta zama mai tambarin X2, wacce zata tafi daga wayar wuta zuwa shasi ko eriya Y2, kar ka saka ta gama-gari a nan komai yawan bolt ɗinta. In seleniyom ne ya gaji, zaka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma hayaƙin guba ne, ka fita ka bar iska ta shiga. Ana maye shi da 1N4007, amma sai an ratsa rizista mai jure zafi saboda dayod ɗin zamani ba ya rage wuta yadda seleniyom yake yi, kuma a ɗora ƙaramar kafasita kamar 0.01 µF mai bolt 1000 a kansa, in ba haka ba shi kansa yana kawo wannan ƙugin na kan tasha.

Duk wannan da na faɗa na cikin akwati ne, mu kuwa a ƙauye rabin matsalar daga waje take. Wutar Nepa ba kullum ba, yawancinmu ƙaramin janareto ne ko sola da inbata. Janareto sai yana juyawa 3000 a minti yake bada 50 daidai, in aka jona firji ko injin aski sai ya sauka, zaka ji muryar ƙugin tana hawa tana sauka tare da kukan injin. Inbata mai araha kuma wutarta ba zagayayyiya bace, mai kusurwa ce, tana bada zzzzz mai kaifi a sifika ta sa taransifoma kuka da zafi, ba gyaran da zaka yi a cikin rediyo ya cire wannan. Cajar waya, ƙwan LED, kwantirolar sola, duk suna watsa ƙara a matsakaicin zango da gajeren zango, a shagon caji kam ko a gajeren zango na mita 49 ba zaka ji komai ba sai ƙara. Kafin ka zargi rediyo ka kashe komai na ɗakin, in da hali ka kai shi inda akwai wutar gari ko inbata mai tsaftatacciyar wuta ka saurara. Ka kuma duba maɓallin zaɓen bolt na baya, mai 110, 127, 220, 240. Ka ajiye shi a 240, yara suna murɗa shi. In kuma ɗan Amurka ne mai 35W4 da 50C5, na bolt 120 ne, jona shi kai tsaye a namu ƙonewa ce nan take, kuma shi ma shasinsa yana iya ɗaukar wuta.

Kar ka sa rai zai yi shiru tsit irin na waya. Ko yana sabo in ka kara kunne a jikin kyallen sifika zaka ji ɗan siririn ƙugi. In daga taku biyu ba ka jinsa, kuma magana tana rufe shi, toh haka aka yi shi, ka daina ƙara kafasita.

Saura irin wanda ya fi yawa a garuruwan da wuta ba ta je ba sai daga baya, wato mai kwalba amma na batir, DK96, DF96, DAF96, DL96. Shi batir biyu yake ci, bolt 1.5 na zaren kwalabe da bolt 90 na aiki. A kan batir ba shi da ƙugi ko kaɗan, kuma har yau kana iya tada shi da babban batirin tocila ɗaya da ƙananan masu bolt 9 guda 10 a jere. Matsala tana zuwa ne in an ce a haɗa masa abin da zai ci wutar gari. Waɗannan kwalaben ba su da bututun da ya raba hita da hanyar sauti, zaren da yake zafi shine yake aikin, saboda haka ko ɗan burbushin tsartuwa a layin 1.4 sai ya fito a sifika ɓaro-ɓaro. Taransifoma da dayod da kafasita ɗaya ba su isa ba, sai an sa mai daidaita wuta kamar LM317 da manyan kafasitoci na dubban µF. Kuma zaren siriri ne ƙwarai, DF96 miliamf 25 kacal yake ci, in wutar ta haura ko ta ɗan lokaci ce duk huɗun zasu tsinke tare. Ka zare kwalaben gaba ɗaya, ka ɗora rizista kamar om 10 ko 12 a madadinsu, ka saita har mita ta tsaya tsakanin 1.3 da 1.4, ka kashe ka kunna sau da yawa kana kallon ko tana tsalle a farkon kunnawa, ka tabbatar wayar 90 ba ta kusa da ta zaren, sannan ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya.